Baiko: kundin aikin littafin da nake rubutawa

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Da asubar yau na buɗe kwamfuta na rubuta "Babi na ɗaya". Shekara uku labarin nan yana min yawo a ka, ina ce masa gobe, ina ce masa jibi. Na buɗe wannan kundi domin in riƙa ajiye halin da aikin ke ciki, da daɗi da ɗaci, kada in wayi gari na manta hanyar da na biyo.

Labarin mata uku ne, Kirista, babu mai aure a cikinsu, gida ɗaya suke haya, coci ɗaya suke sujada. Ban raɗa musu suna ba tukuna, a takarda Babba, Ta-tsakiya da Auta nake ce musu. Babba shekararta 38, mai binciken asusun kamfanoni ce, idonta ba ya tsallake kuskuren lissafi ko da a takardar sanarwar coci ne. Ta-tsakiya 33, nas ce a ɗakin haihuwa, rabin rayuwarta aikin dare. Auta 27, manhajar waya take rubutawa, ran Lahadi kuma ita ke zama bayan na'urar da ke haska baitin waƙa a bango.

Na ɗibar wa kaina kalma 500 kowace safiya kafin in fita aiki, kwana biyar a mako. Ina hangen babi 24, kalma wajen 70,000.

Na ban dariya nake so ya zama, kuma ina da dalili. Matan da na sani masu irin wannan zama, ni ma ina cikinsu, in muka haɗu dariya muke yi har da riƙe ciki. Amma da zarar an ɗauko zancenmu a wa'azi ko a littafi sai mu koma abin tausayi, kamar ba mu da wata sana'a sai jiran gawon shanu. Salon ba sabo ba ne a duniya. Tun ƙarshen shekarun 1990 labaran barkwanci na mata ma'aikata marasa aure suka yi tashe a Ingila da Amurka, farkon shekarun 2000 kuma masu buga littattafan Kirista suka bi sahu. Na karanta da dama, na sha dariya. Abin da ke tsaya min a wuya shi ne shafin ƙarshe: kusan kullum zobe ne.

Lahadi, 19 ga Janairu

Kalma 4,900. Na yi karo da abin da ban zata ba, ashe ba ni da sunan da zan kira matan nan da shi. In an ce budurwa, 'yar shekara sha takwas ke faɗo wa mutum a rai. Bazawara da gwauruwa na wadda ta taɓa aure ne. Tuzuruwa kuwa ƙaya gare ta, ba a faɗarta sai da taɓe baki. Saura "marar aure", wadda ke auna mace da abin da ba ta da shi. Na yanke shawarar barin wannan rami a buɗe cikin littafin, matan su yi ta gardama a bakinsa. A babi na biyu an miƙo musu takardar rajistar wani taron coci mai gurbi uku kacal: matasa, matan aure, gwauraye. Babba ta ciro rula ta ja gurbi na huɗu, ta rubuta "masu fid da zakka", ta sa hannu.

Harshen da ya hana ni kalma ɗaya kuma shi ya yi min kyautar wata yau. Ana tsakiyar sujada mai jagora ya ce, "Lokacin baiko ya yi." Tun ina yarinya nake jin wannan magana, sai yau kunnena ya ji ta biyu: baikon da ake bayarwa a coci, da baikon da ake yi wa yarinya in an tsayar mata da miji. Na rubuta a gefen takardar sanarwa kafin ya tsere min. Ina dawowa gida na zauna na rubuta wayar Babba da mahaifiyarta:

"Ke, har yanzu ba labarin baiko?"

"An yi, Mama. Yau ma sau biyu, da na kullum da na godiya."

"Allah ya shirye ki."

"Amin, Mama."

Littafi ya sami suna.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Kalma 8,600. Aikin ofis ya danne ni kwana uku ban taɓa komai ba. Da na dawo na karanta daga farko, sai na ji Auta tana magana da bakin Babba. Na rage mata tsawon jimla, na mai da rabin zancenta saƙon waya, don ita ko suna ɗaki ɗaya da mutum ta fi son ta tura masa rubutu. Domin bakin tsofaffin coci kuma na koma karanta tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932. Akwai wani nauyi a Hausarta da nake ji a addu'ar iyayenmu mata, shi nake so ya fito a bakinsu.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Ranar masoya ta same ni a babi na biyar, kuma ya faɗo daidai, don babin taron da coci ta shirya wa marasa aure ne. Duk wadda ta taɓa zama a irin taron ta san matan nan biyu da ake ɗaukowa, Rut da Rifkatu. A nawa labarin an gayyato baƙon mai wa'azi, ya buɗe Farawa 24, ya ce 'yan'uwa mata su yi koyi da Rifkatu: ta shayar da baƙo, ta shayar da raƙumansa, sai ga miji.

Na sa Babba ta ciro biro. Aya ta 10 ta ce raƙuma goma bawan Ibrahim, wanda aka aika ya nemo wa Ishaku mata, ya taho da su. Raƙumin da ya sha tafiya yana iya shanye lita 100 a tashi ɗaya, lita 1,000 ke nan. Ta ƙaddara tulun Rifkatu na cin lita 15, ta raba, ta sami sawu 67, ga shi aya ta 16 ta nuna gangarawa ake yi zuwa ruwan a hauro. Ta duba ƙarshen surar ta ga ayoyinta ma 67 ne, kowace aya sawu ɗaya. Ta tura wa Ta-tsakiya takardar, ta rubuta a ƙasa, "Wannan injin ban ruwa yake nema wa Ishaku." Ta-tsakiya ta danne dariya har kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba. Mai wa'azi ya hango ta, ya sassauta murya ya ce, "Saki zuciyarki, 'yar'uwa, naki na hanya."

Na ji daɗin wurin nan ƙwarai. Amma abin da ya fi zama min a rai da na sake karanta surar a natse shi ne aya ta 58. Bayan maza sun gama shawara, bayan an fid da kyautai, sai aka kira Rifkatu aka tambaye ta ko za ta tafi da mutumin nan, ta ce za ta tafi. An tambaye ta. Ban taɓa jin an tsaya a wannan aya a irin tarukan nan ba. Don haka na rufe babin da Babba ita kaɗai da dare, ta ƙarasa karanta surar a bakin gado, ta sa yatsa a kan ayar ta daɗe ba ta ɗauke ba. Shekara sha biyar ana gaya mata abin da za ta yi ta sami miji, ba wanda ya taɓa ce mata, ke me kike so?

Kalma 13,200.

Asabar, 1 ga Maris

Yau na karanta wa ƙawayena uku babi shida na farko, kuma na dawo gida jikina a sanyaye.

Har babi na biyar komai lafiya. Lissafin raƙuma ya sa ɗaya ta zame daga kujera. Sai muka shiga na shida, inda na kawo wata tsohuwa ta zumuntar mata wadda duk Lahadi, ana tashi daga sujada, take tare Babba a bakin ƙofa, ta kama hannunta da hannu biyu ta ce, "Allah zai yi, 'yata, muna nan muna roƙo." Na mai da ita abin wasa. Na ba ta kunne mai nauyi, na ba ta addu'a mai tsawo marar kan gado, na sa Babba tana laɓewa bayan ginshiƙi don gudunta. Biyu suna ta dariya. Ta ukun, wadda ta fi kowa saurin dariya a cikinmu, ta yi shiru, tana murza gefen gyalenta. Labarin zuciya a tambayi fuska. Da na kai aya ta ce, "Kin san me ya sa take kama hannun da hannu biyu?"

Ta ba mu labarin tata tsohuwar, don kowaccenmu tana da irinta. Mijin matar ya rasu tana da ƙuruciya, ta goyi 'ya'yanta ita kaɗai, suka girma suka watse. Ta san sanyin ɗakin da ba kowa, ta san yadda ake dawowa daga coci a buɗe ƙofa ba mai cewa sannu da zuwa. In ta kama hannun yarinya tana cewa Allah zai yi, tsoro take ji mata, irin wanda ita ta kwana da shi shekara da shekaru. Ƙawata ta ce, "Maganarta tana min ciwo, ban musa ba. Amma ba wawiya ba ce. In kika buga wannan haka, na yi dariya da bakina, na ji kunya a zuciyata."

Ban kare kaina ba, gaskiya ta faɗa. Haushin da na tara na shekaru na juye a kan tsohuwar, na lulluɓe shi da barkwanci.

Da dare na koma kan Saratu matar Ibrahim, don ita ce ta fara faɗo min. Sau biyu aka ambaci dariyarta. A Farawa 18 tana bayan ƙofar alfarwa ta ji an ce za ta haifi ɗa, ta yi dariya a ranta, da aka tambaya ta musa don tsoro. Dariyar wadda ta gaji da jira ce, a ɓoye ake yin ta. A sura ta 21 kuwa, tana da shekara 90 ga jariri a hannu, ta ce Allah ya sa ta dariya, kuma duk wanda ya ji zai yi dariya tare da ita. Sunan yaron ma, Ishaku, daga dariya aka ciro shi. Kalmomin nan uku, "tare da ita", su na rasa a babi na shida. Na rubuta dariyar da tsohuwar ba za ta iya shiga cikinta ba. Daga yau duk wurin ban dariyar da na rubuta zan tambayi kaina: in wanda ake yi dominsa ya karanta, zai iya zama a cikinmu ya dara, ko tashi zai yi ya bar ɗakin?

Talata, 11 ga Maris

Na share kalma 4,200. Jimla ta koma 17,500.

Tsohuwar tana nan, har yanzu tana tare ƙofa, har yanzu Babba tana neman ginshiƙi. Amma na ba ta wayo, na ba ta baki. Yanzu ta san sarai ana laɓe mata, sai ta zagaya ta ɗaya gefen ta tsaya tana jira, jakarta a hammata. Na ɗauko mata wani abu daga Hannatu ta Luka 2, wadda ta zauna da miji shekara bakwai kacal, ta kai 84 tana gwauruwa, ba ta rabuwa da Haikali, azumi da addu'a dare da rana. Babin ya fi na da ban dariya, abin da ban yi tsammani ba. Mutum biyu masu wayo suna farautar juna sun fi mai wayo da wawa daɗin kallo.

Lahadi, 23 ga Maris

Wani dattijo da nake girmamawa ya ji labarin aikin, ya kira ni gefe bayan sujada. Cikin ladabi ya ce, "'Yata, al'amarin Allah da wasa ba sa haɗuwa." Na ce, "Baba, na ji, zan yi tunani." Kuma na yi, don Afisawa 5:4 tana nan, ta hana zancen banza da alfasha da ba'ar da ba ta dace ba. Ba zan tsallake ta don ta takura min ba.

Sai dai Littafin da ya ƙunshi wannan aya shi ya ƙunshi Roda. Ayyukan Manzanni 12: Hirudus ya kulle Bitrus, ikilisiya ta taru a gidan Maryamu uwar Yahaya Markus ana ta addu'a a sake shi. Mala'ika ya fid da shi, ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa. Baranya Roda ta je, ta gane muryarsa, don murna ta manta ba ta buɗe ba, ta sheƙa ciki da gudu ta ba da labari. Masu addu'ar suka ce ta haukace. Ana can ana musu, amsar addu'arsu tana waje tana ta ƙwanƙwasawa. Luka, marubucin littafin, bai ɓoye wannan ba, bai kuma ɓoye saurayin nan Afitikos ba, wanda Bulus ya ja wa'azi har tsakar dare barci ya kwashe shi a taga ya faɗo daga bene na uku. Wanda ya rubuta waɗannan ya san ikilisiya, yana ƙaunarta, ya kuma san tana da abin dariya. Karin Magana 17:22 ma ta kira zuciya mai farin ciki magani.

Na dai sa wa kaina iyaka a rubuce, na manna a bangon da ke gaban tebur. Ba wasa da sunan Allah, ba wasa da jibin Ubangiji. Ba dariyar halittar mutum ko talaucinsa. Abin da ya rage, wato mu da halayenmu, da dogayen sanarwarmu, da kwamitocinmu, duk na shiga.

Lahadin Ista, 20 ga Afrilu

Ban rubuta komai a makon nan ba, da gangan. Kalma 28,300, babi goma sun tsaya da ƙafafunsu.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na gano wata ɓaraka babba. Na ce matan nan ma'aikata ne, amma aikin nasu riga ce kawai na rataya musu. Ta-tsakiya "ta dawo daga asibiti", Babba "ta wuce ofis", shi ke nan, sai a koma zancen maza. Alhali mace irin wannan, sa'o'in da take ba aikinta sun fi waɗanda take ba komai, kuma da idon aikin take kallon duniya.

Na roƙi wata ƙawata nas ta ba ni yammacinta guda. Na zauna da littafi ina rubutawa tana zuba: yadda ake miƙa aiki tsakanin masu fita da masu shiga, yadda ƙafa ke kumbura wajen ƙarfe huɗu na asuba, yadda ake fitowa daga aikin dare ran Lahadi a zarce coci, ana waƙar farko ido na rufewa. Sai ta ambaci makin Apgar, ta ga na ɗago kai, ta yi min bayani. Duk jaririn da aka haifa ana duba shi a minti na ɗaya da minti na biyar, a kan abu biyar: launin fata, bugun zuciya, martaninsa in an taɓa shi, ƙarfin gaɓoɓi, da numfashi. Kowanne maki 0 zuwa 2, jimla 10. Daga 7 zuwa sama hankali ya kwanta. Wata likita Ba'amurkiya, Virginia Apgar, ta tsara shi a 1952, kuma har ta rasu a 1974 ba ta yi aure ba. Jarirai nawa ne a duniya aka fara aunawa da sunan matar da ba ta haifi ko ɗaya ba?

A nan take babi na 12 ya sauko min. Ta-tsakiya ba ta iya zama da namiji ba tare da ta ba shi maki ba, minti na ɗaya da minti na biyar. Launi: ko fuskarsa ta canja da ta ce tana aikin dare. Martani: yadda ya yi da mai kawo musu abin sha ya yi kuskure. Ƙarfin gaɓoɓi: ko ya iya tashi ya ba tsohuwa kujera. Numfashi: ko yana tsayawa ya ja shi har ita ma ta sami wurin sa baki. Bugun zuciya kuwa nata take aunawa, a ƙarƙashin tebur, yatsa biyu a wuyan hannu. Na tuna darasin Maris, don haka a babi na 15 wani malamin lissafi mai sanyin hali zai tsinci takardar, ya ga an ba shi 6, ya dawo mata da ita ya nemi a sake duba shi a minti na goma, don ya ji ana yi wa jariran da ba su kai 7 ba haka.

Ita Babba, kamfaninsu zai ba ta shugabancin reshe a wata ƙasa. Wani zai ce mata ta rage gudu, maza na tsoron mace mai muƙami. Amsarta daga Karin Magana 31 za ta fito, surar da ake yawan karanta wa mata a kan zama matar kirki, don a aya ta 16 matar nan gona ta duba ta saya, a ta 24 kuma tufafi take yi tana sayarwa. Ga Lidiya ta Ayyukan Manzanni 16, 'yar kasuwar tufafin shunayya, wadda gidanta ya zama wurin taruwar masu bi a Filibi, ba a ambaci miji ko sau ɗaya ba.

Kalma 33,400.

Lahadi, 1 ga Yuni

Kalma 42,000. Babin Auta da manhajar neman abokin aure ya ba ni wuya, don saurin tsufa irin waɗannan abubuwa suke yi, abin da ake yayi bana baɗi ya zama tarihi. Na rage zancen na'ura na tsaya kan mutane. Akwai wanda ya cika shafinsa da ayoyi amma bai iya gaisuwa ba. Akwai wanda saƙonsa na biyu shi ne, "'Yar'uwa, Allah ya nuna min ke a mafarki." Auta ta nuna wa Ta-tsakiya, ita kuma ta karɓi wayar ta rubuta, "Madalla, ɗan'uwa. Ya san inda nake kwana, bari ni ma ya nuna min kai."

Wuri ɗaya na cire dariya gaba ɗaya. Auta ta haɗu da saurayi mai kirki, mai gaskiya, wanda ba ya bin bangaskiyarta, tana kuma sonsa. Kowa zai jefo mata 2 Korantiyawa 6:14, zancen karkiya marar dacewa, kamar ba ta haddace ta tun a makarantar Lahadi ba. Sanin aya daban, rabuwa da mutum daban. Shafi huɗu na bar ta tana kuka a ɗakin na'urar haska waƙa, ban sa ko kalma ɗaya ta raha ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Jiya shekara 500 cif da auren Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, da Katharina von Bora, 13 ga Yuni 1525, yana da shekara 41 tana da 26. Ina son labarin matar nan. Ta gudo daga gidan zuhudu a 1523 tare da wasu mata, Luther ya shiga nema musu mazaje, aka kawo mata wani ta ƙi, ta aika cewa in dai aure ne, to ko Amsdorf abokin Luther ko shi Luther da kansa. Ita ma, kamar Rifkatu, ta buɗe baki ta faɗi abin da take so.

Ranar ta zo min daidai da maganar da nake ta kauce wa tun Janairu. Na tura wa wata da ta daɗe tana gyaran littattafai babi 16 da tsarin sauran. Ta yaba, ta yi gyare-gyare masu amfani, sannan ta ce, "Amma dole Babba ta yi aure a ƙarshe. Mai karatu ta bi ta shafi ɗari uku, kada ki sallame ta hannu wofi." Ta san aikinta, ta fi ni sanin masu saye, kuma ba don mugunta ta faɗa ba.

Kwana uku ina juya maganar. Abin da ke damuna shi ne darasin da irin wannan ƙarshe ke koyarwa ba tare da ya faɗa ba: jaruma ta yi haƙuri, ta gyara halinta, ta miƙa wa Allah komai, sai ya biya ta da miji. To, wadda ta rufe littafin tana da shekara 45, ta yi haƙurin, ta yi addu'ar, ta miƙa, me aka gaya mata? An gaya mata akwai sauran abin da ba ta yi daidai ba. Wannan ƙarya ce, kuma babu ita a Nassi. Bulus a 1 Korantiyawa 7 ya kira aure baiwa, ya kira rashinsa baiwa, har ya ce marar aure ta fi samun sarari ga al'amuran Ubangiji. Filibus mai bishara yana da 'ya'ya mata huɗu marasa aure masu annabci a Kaisariya, Luka ya ambace su ba tare da ya yi musu jaje ba. Yesu da kansa bai yi aure ba, ya kuma ce a tashin matattu ba a aure ba a aurarwa. Corrie ten Boom, mai gyaran agogo a Holan, wadda gidansu ya ɓoye Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu, ta fito daga sansanin fursunonin Nazi na Ravensbrück da rai, ta zaga duniya tana wa'azin gafara har tsufa, ta rasu a 1983 tana da shekara 91 ba ta taɓa aure ba. Wa zai ce an sallame ta hannu wofi?

Amma akwai ƙarya ta biyu, ita ma ina tsoronta, kuma ta fi kusa da alƙalamina. Ita ce in sa Babba ta ɗaga kafaɗa ta ce ita ba ta bukatar kowa, aikinta da Allahnta sun ishe ta. Babbar da na zauna da ita wata shida tana son aure. Tana son wanda za ta gaya wa yadda ranarta ta kasance. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na san wannan so daga ciki, kuma ba rashin bangaskiya ba ne. In na goge shi don littafin ya yi kyan gani, na ci amanarta kamar yadda na ci amanar tsohuwar nan a Maris.

Na rubuta wa mai gyaran na gode mata, na ce za a yi biki a littafin, amma ba na Babba ba. Ta-tsakiya da malamin lissafi sun kai minti na goma, ya sami 9, ya ce zai yi aiki a kan sauran ɗayan har ƙarshen ransa. Auta tana warkewa a hankali. Babba za ta karɓi aikin, za ta tafi da son auren a ƙirjinta, ba a biya mata shi ba, ba a kuma cire mata shi ba. Mai gyaran ta amsa da layi ɗaya, ta ce in rubuta ta gani.

Kalma 47,100.

Asabar, 12 ga Yuli

Kalma 55,600, babi 19. Na so in gama a wannan wata, ba zai yiwu ba, sai dai Satumba in Allah ya yarda. Saura bikin Ta-tsakiya, da zuwan mahaifiyar Babba, da babi biyun ƙarshe. Sunaye ma har yau ban tsayar ba, ƙawayena sun ce in bar su Babba, Ta-tsakiya da Auta, sun saba.

Da safen nan na rubuta Lahadin Babba ta ƙarshe kafin tafiya. An tashi daga sujada, ta nufi ginshiƙinta kamar kullum, sai ta tsaya, ta juya, ta taka da kanta zuwa bakin ƙofa inda tsohuwar take. Tsohuwar ta sauya wa jakarta hammata, ta kama hannun da hannu biyu, ta buɗe baki za ta ce abin da ta saba. Sai ta dubi fuskar Babba ta fasa. Ta ce, "'Yata, shekara nawa ina roƙa miki abin da ni nake so. Yau ke faɗa min, me kike so in roƙa miki?"

Na buɗe alamar zance don amsar Babba, na zauna kusan awa guda, na rubuta uku na goge. Na bar gurbin a buɗe na sa alama ja a gefe. Ran Litinin zan shiga babi na 20, bikin, in fara da Auta a bayan na'ura tana neman baiti na uku na waƙar shigowar amarya.